Tsuntsun Sin A Kan Audugar Garwa: Wa Ke Cin Ribar Zanen?

Duk wanda ya shiga babbar kasuwar Garwa, ko ya ci kasuwar Pitoa ran Lahadi, ko ya bi ta Guider ya tsallaka Mubi, in ya tsaya ya ƙare wa kayan da muke kasawa kallo, zai ga abu guda yana ta maimaita kansa. A jikin filas ɗin shayi ga wani ƙaton fure ja mai ganye rututu. A murfin langa ga agwagi biyu suna iyo a tsakanin bado. A kan bargo da labule da faranti ga ɗan tsuntsu a kan reshe, ko wani dogon tsuntsu mai kama da gauraka a gindin bishiya. Mun saba da waɗannan hotuna har mun daina ganinsu. Mu dai mu saro, mu biya kuɗin kwastan, mu sayar, mu koma saro wani.

To amma masu iya magana sun ce tambaya rabin ilimi. Daga ina wannan fure da wannan tsuntsu suka fito, har suka cika ɗakunan amarenmu daga Kusiri zuwa Mbaiboum? Kuma me ya sa mu da ke zaune a cibiyar audugar Kamaru muke sayen zanen wasu a kan ƙyallen da mai yiwuwa da audugarmu aka saƙa shi? Wannan tambaya ta ƙara nauyi tun daga watan Yunin 2025, lokacin da ƙasar Sin ta sanar a birnin Changsha cewa a shirye take ta cire harajin shigo da kaya ga ƙasashen Afirka 53 da ke da hulɗar jakadanci da ita, ciki har da Kamaru da Nijeriya. An buɗe ƙofa, saura mu san abin da za mu shiga da shi.

Sana'ar da ta haura shekara dubu

Waɗannan hotuna na jikin kayanmu jikoki ne na wata tsohuwar sana'a da mutanen Sin ke kira zanen fure da tsuntsu. A kan ƙyallen siliki aka fi yin sa a zamanin da. Da farko akan shafe silikin da ruwan alif da danƙon da aka dafa daga fata don kada tawada ta watsu, sannan mai zane ya ɗauki alƙalamin gashi ya fitar da siffar tsuntsu da siririn layi, ya bi da launi hawa-hawa, wani lokaci har ta bayan ƙyallen. Launukan kuwa daga duwatsu masu shuɗi da kore da ja ake niƙa su. In an gama sai a liƙa wa zanen takarda a baya, a sa masa sanda, a naɗe shi kamar tabarma. Akwai na ratayewa a bango, wanda akan sauya shi in yanayin shekara ya sauya, akwai kuma na hannu, wanda akan warware shi kaɗan-kaɗan daga dama zuwa hagu, kamar yadda muke karatun ajami.

Mutum biyu ake ɗauka a matsayin iyayen sana'ar, dukansu a ƙarni na 10. Na farko shi ne Huang Quan, wanda ya rasu a shekarar 965, mai zanen fada ne, kuma ya shahara da zana tsuntsayen lambun sarki da launi mai ƙyalli, gashi bayan gashi. Har yau akwai wani aikinsa a gidan tarihin fadar Beijing, mai ɗauke da halittu 24, tsuntsaye da ƙwari da kunkuru, wanda ya yi domin ɗansa ya riƙa koyo a kai. Na biyu shi ne Xu Xi, wanda bai yi aikin fada ba, ya fi karkata ga tsuntsayen fadama da ciyawar daji, da tawada mai yawa da launi kaɗan. Daga waɗannan hanyoyi biyu, ta tsanaki da ta sakin hannu, duk na baya suka ɗora.

Wanda ya kai sana'ar ƙololuwa shi ne Sarki Huizong na daular Song, wanda ya yi mulki daga 1100 zuwa 1126, wato zamanin da tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara ginin ganuwa. Shi kansa gwanin zane ne. A 1104 ya kafa makarantar masu zane, aka riƙa ɗaukarsu da jarrabawa kamar sauran ma'aikatan gwamnati. Ana ba da labarin cewa wata rana ya sa a zana masa ɗawisu yana hawa tudu, kowa ya yi iya ƙoƙarinsa, shi kuwa ya ce duk sun kuskure, domin ɗawisu ƙafar hagu yake fara ɗagawa in zai hau, su kuma ta dama suka zana. A 1112 aka yi shahararren zanen nan na tsuntsaye 20 dangin gauraka suna shawagi a kan ƙofar fadar Kaifeng, wanda yanzu ke ajiye a birnin Shenyang. Kundin kayan fadarsa da aka haɗa a 1120 ya lissafa zane 6,396, daga ciki 2,786 na fure da tsuntsu ne, kusan rabi ke nan.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi a nan shi ne, kowane fure da kowane tsuntsu yana ɗauke da saƙo. Ƙaton jan furen nan na jikin filas, wanda suke kira mudan, alama ce ta arziki da ɗaukaka. Agwagi biyu fata ne na zaman aure mai ɗorewa, shi ya sa suka fi yawa a kayan biki. Dogon tsuntsun nan da bishiyar da ba ta kaɗe ganye suna nufin tsawon rai. Gora tana nufin mutumin da iska ke lanƙwasawa amma ba ya karyewa, bado kuwa tsarki, tunda daga taɓo yake fitowa amma furensa tas. Ashe dai shekara da shekaru muna sayar wa iyayen amarya fatan alheri na wasu mutane, cikin harshen da mu da su duk ba mu ji.

Daga fada zuwa rumfar kasuwa

Sana'ar ba ta tsaya a fada ba. A 1679 aka fara buga wani littafin koyon zane da aka fi sani da sunan Lambun Ƙwayar Mastad, a 1701 kuma aka fitar da sassansa na furanni da tsuntsaye. Littafin ya nuna wa kowane ɗan koyo yadda ake ɗora ganye a reshe da yadda ake zana ƙafar tsuntsu, mataki-mataki. Daga nan zanen ya bazu zuwa masu yin tangaran da masu surfani da masu rini, daga baya kuma ya shiga masana'antun Shanghai da Hong Kong masu yin kwanuka da filas da barguna. Duk masana'antar da ke neman adon da za ta sa wa kayanta, sai ta tarar da rumbu cike, da ƙwararrun hannaye da aka horar a kai.

A ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960 wasu attajiran Hong Kong suka kawo masana'antun kwanukan ƙarfe masu fenti Nijeriya, suka kafa su a Ikeja da Kano. Da haka langa da fanteka masu fure suka ture ƙwarya da akushi daga jeren ɗakin amarya, kuma mu fatake mu muka yi dakonsu zuwa Garwa da Marwa da Ngaundare. Babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ma, wadda aka kafa a tsakiyar shekarun 1960, wani attajirin Hong Kong mai suna Cha Chi Ming ne ya kafa ta. A ɓangaren Kamaru kuwa, an ƙulla hulɗar jakadanci da Beijing a watan Maris na 1971, kuma 'yan Sin ne suka gina madatsar ruwa ta Lagdo a kan Binuwai tsakanin 1977 da 1982, wadda ke ba arewacin ƙasar nan wutar lantarki. Saboda haka dangantakar tsohuwa ce, kuma ba wanda zai ce ba mu amfana da ita ba.

Lamarin ya sauya salo bayan da Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a watan Disambar 2001, sannan aka kawo ƙarshen ƙayyade cinikin tufafi na duniya a watan Janairun 2005. A da masana'antar ce ke tasowa ta zo wurinmu, ta ɗauki 'ya'yanmu aiki. Daga wannan lokaci sai kwantena ta riƙa zuwa da kayan a gama. UNTL ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida. A 2015 marinan Kano suka yi zanga-zanga zuwa fadar sarki suna kukan cewa shadda da rinin da ake kwaikwayowa daga Sin na neman raba su da sana'ar da suka gada. Masu bin Kantin Kwari cikinmu sun san irin atamfar da ta fi yawa a can a yau, da inda aka buga ta.

Audugarmu, ribarsu

Yanzu mu dawo gida. A nan Garwa ne hedikwatar SODECOTON take, kamfanin da aka kafa a 1974, wanda ke hulɗa da manoma fiye da 200,000 a jihohin arewa. A 'yan shekarun nan abin da ake nomawa yakan haura tan 300,000 na auduga mai gurya a shekara. A nan Garwa ne kuma aka gina masaƙar CICAM, kamfanin da aka kafa a 1965 bisa tsarin cewa a kaɗa zare a saƙa a Garwa, a kai Duwala a buga zane. Shi ne kamfanin da matanmu suka sani da atamfar ranar 8 ga Maris. Amma tsufan injuna da bashi da tsadar aiki da kwararowar kayan waje sun durƙusar da shi, har rabonsa a kasuwar atamfar ƙasar nan ya faɗi ƙasa da kashi 10 cikin 100. Abin da ake sarrafawa a cikin gida daga audugar da muke nomawa bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Sauran duk a dila-dila yake bin hanyar Ngaundare zuwa tashar jirgin ruwa, galibinsa ya nufi ƙasashen Asiya.

Sai mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Manomin Pitoa ko Touboro da ya yi huɗa ya yi noma ya yi feshi ya tsinci auduga da hannu, shi ne ke samun kaso mafi ƙanƙanta. Mai kaɗi da mai saƙa su samu nasu. Amma kowa a cikinmu ya san cewa turmi biyu masu zare iri ɗaya da nauyi iri ɗaya, ɗaya kan ƙare cikin mako, ɗaya kuma ya kwana shekara a kanta har rana ta cinye launinsa. Bambancinsu zanen da ke jiki ne kawai. Mace ba ta tambayar ko zare nawa ne a cikin inci. Abin da idonta ya gani shi take taya. To wannan wuri da riba ta fi taruwa, shi ne wurin da ba mu da hannu a cikinsa ko kaɗan.

Matan Lome da aka yi wa laƙabi da Nana Benz sun gane wannan tun shekarun 1960 da 1970. Ba su mallaki masaƙa ba, ba su noma auduga ba. Abin da suka yi shi ne, sun riƙa zaɓen zane daga kamfanonin Turai, su ƙulla cewa su kaɗai za a ba, su raɗa masa suna mai ratsa zuciyar mata, sannan su yanka farashi. Akwai wani tsohon zanen atamfa mai ɗauke da tsuntsu a cikin tashi, wanda a Ghana ake fassara shi da cewa kuɗi na da fiffike. An shafe shekaru da dama ana sayensa saboda wannan suna. Da sanin zane suka sayi motocin da suka ba su laƙabinsu, kuma lokacin da kwaikwayo mai araha ya zo ya raba su da ikon mallakar zanen, a lokacin ne kasuwarsu ta ja baya.

Ba mu ce laifin Sinawa ba ne. Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: kayansu masu araha sun rufa wa talaka asiri, sun sa marainiya ta samu kayan ɗaki, kuma da yawa daga cikinmu da cinikin Guangzhou da Yiwu muka gina gida muka sauke farali. Rufe iyaka ma ba magani ba ne. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mun ga yadda kasuwanninmu suka yi tsit, 'yan fasa-ƙwauri suka yi ƙiba, amma masaƙun Kaduna ba su farfaɗo ba. Abin da muke cewa shi ne, mutanen da suka shafe shekara dubu suna duban ƙafar da ɗawisu ke fara ɗagawa, ba abin mamaki ba ne in sun iya duban abin da matan Garwa ke so. Sun lura cewa da yawa daga cikin masu sayenmu na ƙyamar tufa mai hoton abu mai rai saboda salla, sai suka riƙa aiko mana da mai fure zalla. Hukuncin hoton dai na malamai ne, amma darasin kasuwar namu ne.

Abin da ke hannunmu

Mu ma ba mu tashi hannu rabbana ba. Muna da aska takwas da aska biyu da tambari a wuyan babbar riga, muna da dagi a bangon soro da jikin fata, muna da zanen ƙwaryar Fulani da adon hular zanna. Muna ma da namu silikin, wato zaren tsamiya da ake samu daga saƙar wata tsutsar daji, wanda da shi ake yi wa rigunan sarakuna aiki, ban da alharini da fatake ke kawowa ta hamada. A wannan yanki an yi zamanin da ƙyallen saƙar hannu, wanda Fulani ke kira leppi, shi ne kuɗin ciniki. Marinar Ƙofar Mata a Kano kuwa ana danganta kafuwarta da shekarar 1498.

In kuwa batun fure da tsuntsu ne, Allah Ya hore mana. Gauraka na nan a fadamun Waza da Logone, ko da yake yawanta na raguwa. Shamuwa in ta sauka kowane manomi ya san damina ta ƙarato. Ga balbela a bayan shanu, ga zalɓe a bakin Binuwai, ga bado a tabkin Lagdo, ga giginya da kuka da gawo, ga furen audugar kanta. Kowannensu na da karin magana ko tatsuniya a bakinmu, wato ma'anar a shirye take, ba sai mun aro ba. A nan Garwa akwai makarantar nazarin namun daji da aka buɗe a 1970, wadda ke horar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama, ga kuma jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 da sashenta na koyar da zane-zane. Abin da ya rage shi ne wanda zai haɗa mai sanin tsuntsu da mai iya zane da mai jari, kuma wannan aikin ɗan kasuwa ne tun fil azal.

Shawararmu ta farko ga 'yan'uwa masu yin odar kaya ita ce, mu daina zuwa da hannu biyu muna zaɓe daga littafin samfurin da aka miƙo mana. Mu tafi da namu zanen, wanda muka biya ɗanmu ya zana, muka gwada shi a kan matanmu kafin mu zuba kuɗi. Ta biyu, mu yi masa rajista kafin ya bar hannunmu. Hukumar OAPI mai kare haƙƙin ƙirƙira a ƙasashe 17 a Yawunde hedikwatarta take, kuma rajista ɗaya ta wadatar a Kamaru da Cadi da Nijar da Afirka ta Tsakiya. Sai dai a kula, Nijeriya ba ta cikinta, don haka mai son kariya a Mubi da Kano sai ya yi wata rajistar a can. Wanda jarinsa bai kai ba, ƙungiyar 'yan kasuwarsu ta haɗa hannu, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta uku ga hukuma take. Tsarin raya ƙasa na 2020 zuwa 2030 ya yi alkawarin kai noman auduga tan 600,000 a shekara, da sarrafa rabinta a cikin gida. Wa'adin ya kusa, tazarar kuwa kowa na ganinta. Duk wanda zai zuba jari a masaƙar Garwa, ɗan ƙasa ne ko baƙo, a sa masa sharaɗin buɗe ɗakin zane a nan, ya horar da 'ya'yanmu, kada a tsaya ga kaɗin zare kawai. Burkina Faso ta yi wa saƙarta ta Faso Dan Fani tambarin kariya a 2019, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa saƙar kente ta Ghana cikin jerin kayan gadon duniya. Ita ma OAPI ta riga ta ba barkonon Penja da zumar Oku irin wannan kariya tun 2013. Ba mu ga dalilin da zai hana aikin surfani da saƙar arewa samun haka ba.

Akwai gargaɗi biyu a cikin tarihin Sin ɗin kansa. A 2011 an yi gwanjon wani zanen gaggafa a kan bishiya da aka danganta ga Qi Baishi, wanda ya rasu a 1957, aka taya shi yuan miliyan 425.5, kimanin dalar Amurka miliyan 65, sai daga baya rahotanni suka ce mai sayen ya ƙi biya saboda shakkar ko na jabu ne. Wato zane dukiya ne, amma in amana ta yi rauni sai darajarsa ta zube. Shi kuwa Sarki Huizong, da ya shagala da zane ya bar sha'anin mulki da tsaro a hannun fadawa, a 1127 mayaƙan Jurchen suka ci Kaifeng suka tafi da shi bauta, ya rasu a hannunsu a 1135. Ado ba ya tsayawa sai da wutar lantarki mai ɗorewa, da hanya mai kyau, da tsaro a kan iyaka, abubuwan da mutanen Banki da Amchide da Fotokol suka fi kowa sanin zafin rashinsu.

Daga ƙarshe, gobe in mun buɗe rumfa, kowannenmu ya ɗauki langa ɗaya ko turmi ɗaya ya dube shi da kyau, ya tambayi kansa wa ya zana wannan, kuma nawa ne rabonsa a cikin kuɗin da za a miƙo. Ranar da amarya a Garwa za ta nemi zane mai furen auduga ko mai shamuwa da sunansa na Hausa ko na Fulatanci, wanda ɗan Garwa ya zana, ɗan kasuwar Garwa ya mallaka, ranar ce za mu sami abin da za mu shiga da shi ta ƙofar da aka buɗe a Changsha ban da dilar auduga. Allah Ya yi wa kasuwanninmu albarka, Ya ba mu ikon gyarawa, amin.